Matar da Ba Ta San Sunana Ba

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma ne, mu uku a tsakar gida: ni a kan tabarma ina tsintar wake, matar autana a gindin famfo tana wanke-wanke, sai ɗanta na fari, jikana, wanda ya shiga shekara ta uku. Wayarta ta yi ƙara. Uban yaron ne daga Kano, inda yake aiki. Da suka gama gaisawa ta miƙa wa yaron. Kiran murya ne kawai, ba irin wanda ake ganin fuska ba. Yaron ya karɓa, ya ruga bakin akurki, ya tsuguna, ya nuna wani ɗan tsako da yatsa, ya ce, "Abba, ka ga wannan?" Ina jin uban daga can yana ta cewa mene ne, mene ne. Yaron ya ƙara miƙa yatsa. "Wannan mana! Ba wancan ba!" Har ya fara buga ƙafa, don haushin uban da ake nuna wa abu ƙiri-ƙiri ya ƙi gani.

Uwar ta yi dariya har ta saki kwano. "Hajiya, anya yaron nan yana da wayo kuwa?"

Na ce, "Wayonsa ƙalau. Bai dai iso wurin ba tukuna." Na juya gare shi na ce, "Kai angona, ubanka yana Kano, idonsa ma yana Kano."

Ya harare ni. "Ai ni na gani!"

Amsarsa ke nan, kuma a wurinsa ta isa. Abin da ya gani, kowa ya gani. Uwar ta goge hannu, ta sure shi, ta kira sunansa ɓaro-ɓaro, ta sumbaci goshinsa a gabana, ni uwar mijinta. Ban ce komai ba, na daɗe da daina cewa. Amma waken nan ban gama tsince shi ba ranar, domin hankalina ya tafi wani gida da yanzu ko tubalinsa babu.

Na yi rainon yara da yawa: ƙannena, nawa na cikina, jikoki, da na maƙwabta. Abin da na lura shi ne hankali ba ya faɗo wa yaro rana ɗaya. Bi da bi yake shigowa, kuma ban taɓa ganin ya shigo a hargitse ba. Da farko jariri fuska yake bi da ido. In ka yi masa murmushi ya mayar maka, in ka ɗaure fuska ya yi ta kallonka kamar mai neman bayani, sannan ya ɓare baki. Bayan haka sai ƙiwa, ya rarrabe nasa da baƙo, ya maƙale a jikin uwa. Can tsakanin rarrafe da tatata, in ya ci karo da abin da bai sani ba, ƙadangare ko garwashi, sai ya waiwayo ya dubi fuskarka tukuna, ya ga ko kai ka tsorata. A lokacin nan ne in ka kifa ƙwarya a kan abin wasansa zai ɗaga, domin ya san yana nan, ba kamar da ba, da in an rufe abu shi ke nan ya bar duniya. Sai nuni da yatsa. Sai kuma inda jikana yake yanzu, lokacin da yaro zai tsaya a tsakiyar gida ya rufe idonsa da tafin hannu ya ce a neme shi. Duk waɗannan a jikin wasu na gan su. Abin da ke biye da su kuwa a jikina na gan shi, kuma shi nake son in faɗa.

A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ana maganarsa ba ta sa baki. Kunya ake ce wa wannan. Matar da ta kasa riƙe ta sai a yi ta yi da ita a gidan suna da gidan biki, a ce ba ta da ta ido. Ni ce 'yar fari a gidanmu. Da aka yaye ni aka kai ni Sandamu wurin kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, kamar yadda aka saba. Zaman yaye na ɗan lokaci ne, amma Iya ta ji daɗin abokiyar hira ta riƙe ni, shekara ta bi shekara. Na buɗe ido na gan ni a ɗakinta, ina tashi da ƙarar mazarinta, ina kwana a bayanta, ina satar mata ƙuli-ƙuli daga tukunyar da take turawa ƙarƙashin gado. A Sandamu kowa ya san sunana, har mai tallan gishiri. Iya kuwa kamar da shi take numfashi. In za ta yi aike da shi, in za ta yi faɗa da shi, in ta rasa abin yi ma sai ta kira shi, in zo, ta ce, "Ba komai, ina duba ko kina nan ne."

Wata shekara bayan an gama yankan dawa, ban kai famfara ba, Iya ta ɗora ni a jaki muka zo Daura gidan Baba, wanda harkar dabbobi yake yi a kasuwa. A gabana ta gaya masa, ba ta rage murya ba: "Ga 'yarku na kawo. Zan kwana biyu. In ta saba in bar muku ita. In ba ta saba ba, ranar kasuwa in koma da abata, kuma ba za ku sake ganina da ita a hanya ba, ƙafata ta gaji." Baba ya ce, "Duk yadda kika yi daidai ne, Iya." Abin da zai iya cewa ke nan, domin shi ma 'yar farinsa ce.

Gidan ba kamar gidajen yanzu ba ne, da injin niƙa ke kuka a bakin titi, babura suna wucewa, kowa yana ɗaki da wayarsa. Wancan gida da kunne ake sanin lokaci a cikinsa. Da asuba ƙarar guga a rijiyar bayan ɗaki. Da hantsi taɓarya, daga nan gidan, daga gidan da ke biye, har unguwa ta ɗauka. Da rana shiru, sai kukan kurciya da tuƙar awaki. Da yamma fasa itace da ƙarar muciya a tukunya. Baba yana fita tun duku-duku, ba ya dawowa sai na yi barci, don haka ba na lissafa shi. Mata biyu ne a gidan. Akwai Gwaggo, ƙanwar Baba, mai surutu da dariya. Akwai kuma wata doguwa marar magana, da ɗa namiji a bayanta mai gwaranci. Iya ta nuna ta da haɓa ta ce, "Ga Innarki." Ni na ɗauka sunanta ke nan, kamar yadda wata sunanta Ladi, wata Talatu.

Matar nan ita ke yi mini wanka, ita ke dama mini kunu, ita ta tsefe mini kai ta yi mini kitso. Amma ba ta kallon fuskata, kuma abin da take ce mini ɗaya ne. "Ke, zo ki wanke hannu." "Ke, ga kununki." "Ke, tashi daga rana." Na sa ido. Sunan yaron bayanta tana kiransa daga safe har dare, har waƙa take yi da shi. Gwaggo tana da sunan da take kiranta da shi. Awakin gidan ma kowace da sunanta, kuma duk ta iya. Nawa ne kaɗai babu. Na yi ta juya abin a raina, har na kai ga amsa: ba ta san shi ba. Ta yiwu ranar da aka gaya wa mutane ba ta nan. Ina iya tunawa sarai ban ji haushi ba, tausayinta na ji. Ga babba guda, an bar ta cikin duhu, kuma babu wanda ya kula sai ni.

Ina so a lura da wannan wuri. Yaron da ya gane cewa akwai abin da ya sani wanda wani bai sani ba, ya yi nisa da mai nuna wa waya ɗan tsako. Na yi kuskure a kan matar, amma hanyar da na bi daidai ce. Kuma da na gane mutum yana iya rashin sani, sai na yi abin da ya kamata a yi wa wanda bai sani ba.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, matan maƙwabta suka shigo taya surfe. Turmi biyu, ana lugude, ana tafi, ƙasa tana amsawa. Na ratsa tsakaninsu na je na ja gefen zanen matar nan.

"Inna."

Taɓaryarta ta tsaya a sama.

"Ba ki san sunana ba ko? Bari in gaya miki." Na faɗa mata shi a hankali, gaɓa-gaɓa, kamar yadda Iya ke biya mini Fatiha. Sannan na ce, "To, faɗi in ji."

Sai Gwaggo ta saki taɓarya ta dafe ciki. "Wayyo Allah, zan mutu! Malama ta iso! Matarmu, maza ki biya, malama tana jira!"

Wata maƙwabciya ta ce, "A ɗauko mata allo mana!"

Wata ta ce, "In kin kasa akwai bulala fa!"

Inna ta ja bakin kallabinta ta rufe baki, ta juya mini baya. Ta ce, "Ke, tafi can," ta ci gaba da dakanta da ƙarfi fiye da na da.

Nan ne haushin ya zo. Rashin sani ba laifi ba ne, amma an koya mata ta ƙi. Da rana ta ajiye mini fura, na ture. Na je wurin Iya, tana gindin inuwa tana kaɗi, na ce, "Gobe zan bi ki." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To. Sai ki ɗaure 'yan tsummokaranki." Na duba wajen murhu ko matar nan za ta ce wani abu. Ta ji, na san ta ji, amma ta ci gaba da hura wuta.

Bayan la'asar na zagaya bayan ɗaki. An jingine karan dawa a jikin katanga, tsakaninsa da katangar ya yi kamar 'yar bukka. Na kutsa ciki na zauna. Ba wasa nake yi ba, kuma har ƙafata na janye ciki don kada a hango ni. So nake a wahala. Can na ji Iya tana kirana, na yi shiru. Gwaggo ta kira, na yi shiru. Na ji muryoyinsu sun fita zaure, sun shiga maƙwabta, sun yi nisa wajen titi. Inna ba ta bi su ba. Ba a neman ɗan fari da ƙafar uwarsa, zama take yi kamar ba abin da ya faru. Ina jin muciyarta tana juya tuwo, daidai, ba sauri ba jinkiri. Na ce a raina, ka ji ko.

Sai muciyar ta tsaya. Na ji takun ƙafa. Ta tsakanin kara na hango ta, da yaron a bayanta, ta wuce ni kai tsaye zuwa bakin rijiya. Ta durƙusa ta leƙa ciki, ta daɗe tana leƙe. Ta miƙe. Sannan ta waiga hagu, ta waiga dama, ta dubi ƙofar zaure, ta kira sunana. A hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe. Ta sake kira. Ta ce, "Ki fito mana. Kada ki sa a koma da ke."

Tunanina na farko shi ne, ashe karatun ya shiga. Bai daɗe ba wani ya ture shi. Waiwayen nan da ta yi na san shi. Haka nake yi a ɗakin Iya kafin in zura hannu a tukunyar ƙuli-ƙuli. Wanda bai san abu ba, ba ya waiwaye kafin ya faɗe shi. Mai waiwaye ya sani, ɓoyewa yake yi. Ba zan ce da waɗannan kalmomi na yi tunanin ba, ina ƙarama ina zan same su. Amma abin ya shige ni gaba ɗaya, kamar an yaye labule: matar nan ta san sunana tun kafin ni in san shi, kuma ba ta son in tafi, kuma ba ta son a san haka.

Na fito. Ta damƙe ni, ta shafa ni daga kai har ƙafa kamar mai duba akuyar da za ta saya, ta haɗa fuskata da cikinta. Zanenta warin hayaƙi yake yi da daddawa. Muryoyi suka doso zaure, ta sake ni, kafin su shigo tana gaban tukunya, ta ba mu baya.

Iya ta shigo tana haki. "Ja'ira! Ina kika shige? Wa ya gano ki?"

Na dubi bayan Inna. Muciyar ta daina motsi.

Na ce, "Ba kowa. Yunwa ce ta fito da ni."

Sai yaron da ke bayanta, wanda bai san akwai abin da ake ɓoyewa a duniya ba, ya nuna ni da yatsa ya faɗi sunana cikin gwaranci, da irin muryar nan ƙasa-ƙasa da ya ji yanzun nan. Ya ji daɗinsa, ya sake faɗa.

Gwaggo ta ce, "Oho! Kai kuma ɗan baki, wa ya koya maka?"

Na ce, "Ni."

Iya ta dube ni. Ta dubi bayan surukarta. Sannan ta zauna a kan turmin da aka kifa, ta ce, "Ke da za ki bi ni gobe, kin ɗaure kayan?"

Na ce, "Sai na ci tuwo tukuna."

"Tuwon yau, ko har da na gobe?"

Na sunkuyar da kai.

Iya ta juya wajen Gwaggo ta ce, "Hankali ya shigo. A bar ta." Sannan ta ɗaga murya, ba ta kalli kowa ba, ta ce, "Mai tuwon nan, ina jin ƙauri fa." Muciya ta ci gaba da juyawa.

Washegari Iya ta hau jakinta ita kaɗai. Na yi kuka, amma ban bi ta ba.

Tun daga ranar Inna ba ta sake kiran sunana na ji ba, har ta koma ga Mahaliccinta. Ke ɗin nan ce dai. Sai dai na koyi karanta ta, kamar yadda manomi ke karanta hadari. In ta ce, "Ke, ɗauke faifan can," na san akwai ƙanzo a ƙarƙashinsa. In ta yi mini faɗa a gaban baƙi fiye da laifina, na san an yabe ni ne ta ji daɗi, tana neman inda za ta sa fuskarta. Yaran yanzu ba sa bukatar wannan aiki. Ana gaya musu komai da baki, ana ɗaukar hotonsu, ana kiran sunansu har a waya. Na kan zauna ina tambayar kaina ko hakan yana jinkirta musu gane zuciyar mutum, tunda ba a bar musu abin ganowa ba. Na sa ido a kan jikokina ban ga haka ba. Su ma rana tana zuwa da za su ɓoye alewa a baya su ce babu, wata ranar kuma su ce abincin kakarsu ya yi daɗi alhali sun ƙosa su tofar. Hanyar tana nan yadda take. Abin da ya canza shi ne abin da yaro ke fara gwada sabon hankalinsa a kai. Mu a kan iyayenmu mata muka gwada.

Akwai abu ɗaya da ban sani ba, kuma shi ke damuna. Ni ma da na haifi nawa na fari na riƙe kunyar, domin haka na tarar. Yau yana da furfura a gemu, kuma bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Yana zuwa, ya durƙusa ya gaishe ni, in ce, "Kai, an zo lafiya?" Na tabbata ya gane, ba yaro ba ne. Amma yaushe ya gane? Yana ɗan nawa? Me ya gani? Ko akwai lokacin da shi ma ya ɗauka ban san sunansa ba, kuma lokacin ya yi tsawo? Ba zan iya tambayarsa ba, shi ma ba zai iya farawa ba. Haka Inna ta rayu ba ta ji daga bakina abin da na gani ta tsakanin karan dawa ba, domin ba maganar da 'yar fari ke yi da uwarta ba ce.

Don haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In kai ɗan fari ne, ko ke 'yar fari, kuma tsohuwarka tana da rai ba ta taɓa kiran sunanka ba, kada ka je ka titsiye ta, ba za ta iya amsa maka ba. Ka nemi ɗaya daga cikin jikokinta mai baki, domin tsakanin jika da kaka babu kunya. Ka gaya masa ranar da ka gane, da abin da ya sa ka gane, ka aike shi ya faɗa mata lokacin da babu kowa a tsakar gida. Za ta kore shi, ta ce shirme yake yi. Ya dai faɗa ya gama. Ka yi wannan cikin makon nan, domin mu da muka riƙe wannan kunya ba mu rage da yawa ba.